Wankakkun Ƙasusuwa a Gaɓar Bebiya

Rana ta take tsaka, Sufeto Anestis Karavelas ya zare takalmi ya miƙe ƙafa a ƙarƙashin tebur, sai ga wata mata ta faɗo caji ofis ko gaisuwa babu. Gwiwoyinta duk sun ƙuje, hular rana a hannu, tana haki.

"Akwai mutum a cikin coci," ta ce.

"Madam, ai don mutane aka gina shi," in ji Sajan Fotini, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"A naɗe yake cikin zane. Ƙashi ne zalla."

Sufeto ya laluba takalminsa da ƙafa.

Sunanta Ismini, malamar makaranta ce daga Atina, babban birni, hutu ta zo. Irin baƙin nan ne da in ka nuna musu inda jama'a suke wanka sai su tambaye ka inda babu kowa. Wani ya ambata mata Gaɓar Bebiya, ita kuwa ta ɗauki ruwa a gora ta bi hanyar awaki. Mu 'yan tsibirin ba ma zuwa can. Babu wanda ya hana, babu kuma wanda zai faɗa maka dalili, wurin ne dai ba ya son mutane.

Ta ce ta yi iyo, ta kwanta a kan tsakuwa, da rana ta ishe ta sai ta shiga ɗan cocin da ke gindin dutse neman inuwa.

"Fitilar mai tana ci a ciki," ta ce. "Shi ya sa na yi ta kira, na ɗauka da mutum kusa. Muryata ma ba ta dawo mini ba."

"Kin taɓa wani abu?"

"Gefen zanen kawai na ɗaga. Da na ga haƙora sai na saki."

Da ƙafa tafiyar ta yi tsawo, don haka suka sauka tashar jiragen ruwa suka ɗauki kwale-kwalen Barba Sotiris, wato Baba Sotiris, dattijon masunci da kowa ya san shi da fara'a da tari. Ya kama hannun Fotini ta shiga, yana tsokanarta wai kakin 'yan sanda ya hana ta miji.

"Barba, kana zuwa Bebiya?" Sufeto ya tambaya.

"Ni? Rabona da can tun gashina yana baƙi, ɗana. Ko kifi ba ya tsayawa a wurin."

Mashigar gaɓar cike take da duwatsu da ruwa ya ɓoye. Sufeto ya lura tsohon ya ratsa tsakaninsu yana ɗaure sigari, idonsa a kan takardar taba, gwiwarsa ce kawai take juya sitiyari.

Barba ya kashe injin, shiru ya rufe su. Dutse ya kewaye gaɓar ta gefe uku, a tsaye kamar katanga. Babu yashi, babu tsuntsu, babu ko ƙuda. Tsakuwa ce fara fat, sumul, in ruwa ya hau ya janye sai ta yi wata irin ƙara kamar ana tauna ƙashi a ɗaki na kusa. Fotini ta yi alamar gicciye.

"Ni a nan zan jira," in ji Barba. "Ƙafata ba ta son tsakuwa."

Cocin bai fi ɗaukar mutum huɗu ba. Fitilar tana ci, man zaitun ɗinta bai ko kai rabi ba. A ƙasa, gaban hoton waliyyi, ga ƙunshi cikin farin zane. Sufeto ya sa safar hannu ya buɗe. Dogayen ƙasusuwa a ƙasa, gajeru a tsakiya, ƙoƙon kai a sama, daidai yadda ake jera su a maƙabarta ranar da aka tono mamaci bayan shekarunsa sun cika, a wanke ƙasusuwan da giya a kai su ɗakin ƙasusuwa, kamar yadda al'adarmu take. Ya sunkuya ya shinshina.

"Giyar inabi," ya ce. "An wanke shi."

Ya juya ƙoƙon. Ƙeyar ta lotsa, ta tsage. A cikin zanen kuma ga zoben aure, an goge shi yana ƙyalli. Ya ɗaga shi saitin fitila ya karanta sunan da aka zana a cikinsa: Evdokiya.

A gefe ga shuɗin faranti mai ɓantare a baki, cike da dafaffiyar alkama, an lulluɓe ta da sukari an yi gicciye da 'ya'yan rumman. Alkamar da muke dafawa ranar addu'ar mamata ce, kuma ba ta lalace ba.

"Yallaɓai, wanda ya fasa wa mutum kai ba zai dawo ya wanke shi da giya ba," Fotini ta ce ƙasa-ƙasa.

"A Atina ba zai dawo ba. Nan kuwa kin san halinmu."

A ƙarshen gaɓar, inda igiyar ruwan hunturu ta zaftare gindin dutse, suka sami ramin. A cikinsa akwai ruɓaɓɓen buhu, da tarin baƙar tsakuwa, duk girmansu ɗaya kamar ƙwan tantabara. Sufeto ya ɗauki guda ya sa a aljihu. A gaɓar da komai fari ne, tara wannan baƙar aikin wuni da wuni ne.

Da suka fito da ƙunshin, Barba ya cire hula ya juya musu baya har suka zauna.

A nan sunan mata ake zanawa a zoben miji, kuma Evdokiya ɗaya ce a tsibirin da za a nema. Kira Evdokiya, wato Uwargida Evdokiya, matar Arjiris magini, wanda aka ce ya shiga jirgi ya tafi Ostireliya fiye da shekara ashirin da suka wuce, bai aiko ko da gaisuwa ba. Sa'o'inta duk sun shiga baƙaƙen kayan takaba, ita kaɗai take yawo da shuɗiyar riga, don ba a yi wa rayayye makoki. Ba bazawara ba ce, ba kuma mai miji ba. Matan unguwa sun sha dariyarta a bayan ido, kuma in gaskiya za a faɗa, har a gaban idon.

Tsakar gidanta aka fara shimfiɗawa da tsakuwa fara da baƙa, zanen jirgin ruwa. Jirgin ya tsaya a rabi, sauran fili ƙasa ce da ciyawa. Tana zaune a bakin famfo tana gyaran kifi.

Sufeto ya miƙa mata zoben. Ta goge hannu a jikin riga, ta karɓa, ta daɗe tana kallon cikinsa.

"A ina?"

"Bebiya."

"Ba Ostireliya ba," ta ce, kamar mai karanta allo.

"Yaushe rabonki da shi, Kira Evdokiya?"

"Da safe ne. Mun yi cacar baki a kan wannan tsakar gidan. Na ce masa ya yi wa kowa aiki ya gama, nawa ya bari rabi kamar komai nasa. Ya ɗauki hula ya fita." Ta juya zoben a tafin hannu. "Sufeto, abu ɗaya nake so in sani. Bakina ne ya kore shi? Kullum da wannan nake kwana."

"Zan gaya miki in na sani."

Fotini ta fito da shuɗin farantin daga leda. Hannun tsohuwar ya tsaya cak a kan wuƙa.

"Naki ne? Ga 'yan'uwansa can a kan kanta."

"Nawa ne. Ya ɓace a coci tun bikin Ista."

"Alkamar kuwa sabuwa ce. Kuma duk garin nan ke kaɗai ce kike yin gicciye da rumman, ni ma na ci taki ranar addu'ar kakata."

"Na ce ya ɓace, 'yata."

Ta ci gaba da kankare kifin da ta riga ta kankare. Sufeto ya kalli kwandon.

"Kifin nan mai kyau ne. A ina kike saye?"

"Ba na saye. Sotiris ne yake kawo mini, tun shekarar da Arjiris ya tafi. Bai taɓa fashi ba."

A hanya Fotini ta ce, "Ƙarya take yi."

"Ƙarya take yi. Amma kin ga fuskarta da zoben? Yau ta san ya mutu. Farantin ne ya gaya mata wani abu dabam, shi take rufewa."

Shagon gahawa na bakin tasha na Pandelis ne, ƙanen Arjiris, ƙaton mutum mai gashin baki da yawan rantsuwa. Labari ya riga su isa, kujeru duk sun cika, 'yan karta sun ajiye karta.

"Da idona na ga wana ya shiga babban jirgi," in ji Pandelis. "Akwati a hannu."

"Wane launi ne akwatin?"

"Ruwan ƙasa. Ko baƙi. Yallaɓai, shekaru fa."

"A lokacin babban jirgi ba ya iso tasha, a tsakiyar ruwa yake tsayawa. Daga nan shagon ka hango launin akwati?"

Pandelis ya goge teburin da yake a goge. Wani tsoho daga kusurwa ya ce, "Pandelis, kai da ba ka ganin ƙudan da ke cikin gahawarka?" Aka yi dariya kaɗan, ta mutu nan da nan.

"To, ban gani ba," ya ce. "An gaya mini ne, na yi ta faɗa har na ɗauka na gani. Mahaifiyarmu ta mutu tana kallon teku, me kake so in ce mata?"

"Wa ya gaya maka?"

"Wanda ya kai shi bakin jirgin mana. Abokin angonsa. Shi ya riƙe musu kambin aure a coci, wa zai ƙaryata shi?" Ya nuna ƙofa da haɓa.

Barba Sotiris yana zaune a can kan dakali yana ɗinkin koma.

"Haka ne, ɗana," ya ce ba tare da ya daina ɗinki ba. "Na kai shi, ya hau. In ya sauko daga baya, wannan ban sani ba."

Washegari likitan gawa ya bugo waya daga babban tsibiri, inda aka aika ƙasusuwan. Namiji ne, duka ɗaya a ƙeya, da dutse ko makamancinsa, ya daɗe a ƙasa.

"Amma Anestis, wanda ya tattara shi ya fi ɗalibaina," in ji likitan. "Ko ƙashin ɗan yatsan ƙafa bai bari ba. Komai ya cika."

Sufeto ya ajiye waya ya daɗe yana juya baƙar tsakuwar nan a hannu. Zato yana da shi buhu guda, hujja kuwa ko cokali babu. Tsoho ya iya tuƙi tsakanin duwatsu, tsoho yana kai wa mata kifi, da wannan ba a zuwa gaban alƙali.

Da yamma ya koma shagon Pandelis, ya zauna a tsakiya, ya yi odar gahawa, ya ɗaga murya yadda har na dakali zai ji.

"Likita ya ce gawar ba ta cika ba. Ƙashin yatsan zobe na hannun dama babu shi. Yana can cikin tsakuwar Bebiya, wa zai tsaya nema? Jibi za mu ba iyali abin da ya samu su rufe."

Fotini ta kalle shi, ta maida ido kan kofinta.

"Ba a rufe mutum da giɓi," in ji matar Pandelis daga bayan kanta, tana alamar gicciye. "Ba zai kwanta ba. Zai yi ta dawowa nema."

"Wannan aikin Fadan coci ne, ba na 'yan sanda ba," Sufeto ya ce, ya kurɓi gahawa.

A dakali, allurar koma ta tsaya.

Gari na wayewa suka bi hanyar awaki, shi da Fotini. Ƙaya ta yage masa wando, ya zagi malamar Atina da duk mai son wurin da babu kowa. Da suka kusa gangara sai ya ɗaga hannu.

Teku a kwance take lumui, ko motsi babu. Amma tsakuwa tana ƙara. A hankali, a hankali, ta tsaya, ta sake.

Fotini ta kama hannun rigarsa.

Suka leƙa. Kwale-kwale yana ɗaure a bakin ruwa. Kusa da ramin, Barba Sotiris yana durƙushe a kan tsakuwar da ya ce ƙafarsa ba ta so, da rariyar gari a hannu. Yana ɗiba, yana tankaɗewa, yana ɗaukar kowace farar tsakuwa doguwa ya kai ta kusa da ido, ya taɓa ta da harshe ya ji ko ƙashi ce, ya ajiye. Yatsunsa suna jini. Yana magana da wani ƙasa-ƙasa, kamar mai ba da haƙuri.

Bai ji saukowarsu ba sai da inuwar Sufeto ta faɗo a kan rariyar.

"Me ya ɓace maka, Barba?"

Tsohon bai firgita ba. Ya ɗago jajayen idanu.

"Ka taya ni, ɗana. Idona ya mutu, komai fari nake gani."

"Babu abin da ya ɓace. Ka tattara shi duka. Ni na yi ƙarya."

Barba ya kalli rariyar, ya kalli Sufeto. Sai ya zauna daɓas ya saki wata ajiyar zuciya mai tsawo, kuma wallahi ta farin ciki ce.

"Ya cika?"

"Ya cika."

"Na gode wa Allah." Ya share fuska da bayan hannu. "To, rubuta."

Fotini ta fito da biro.

"Ni na kawo shi nan ranar. Ya zo tasha a fusace da buhu, ya ce yau sai ya tara baƙar tsakuwa ya ƙarasa wa matarsa jirginta, ta daina gori. Muna tsinta yana zaginta yana dariya, irin zagin mai so. Ni kuwa na riga shi ganinta, na riga shi sonta, kunya ta hana ni magana har na tsaya a bayansu a coci ina riƙe musu kambi. Na ce masa bai san darajar abin da yake da shi ba. Ya ce ai ya daɗe da sanin inda idona yake, in ci gaba da kallo, kallo kyauta ne. Ya sunkuya ɗaukar buhu. Dutse yana hannuna."

Ruwa ya hau, ya janye.

"Sai ka ce ya tafi Ostireliya."

"Abin da ya fara zuwa bakina ke nan. Na ɗauka za ta yi fushi ta manta da shi. Ashe da bakina na ɗaure ta. Matar mai rai ce, wa zai nema? Sai kifi."

"Me ya sa ka tono shi?"

"Ruwa ne ya tono shi. Bayan hunturu na zo na ga ƙafarsa a waje. Ni kuma likita ya ce wannan tarin ba na tashi ba ne. In na mutu wa ya san yana nan? Kowa ana fito da shi a wanke shi, a sa shi kusa da uwarsa. Shi kaɗai zai zauna cikin gishiri kamar kare? Na wanke shi, na ajiye a coci kafin in san yadda zan shigar da shi ɗakin ƙasusuwa a ɓoye. Sai ga 'yar Atina."

"Alkamar fa?"

Barba ya ture rariyar gefe.

"Namiji bai iya ta ba. Na ce wa Evdokiya ta tunawa da mahaifiyata ce. Na so ya ci daga hannunta."

Fotini ta fito da ankwa. Sufeto ya kalli yatsun tsohon ya girgiza kai. Babu mai iya fitar da kwale-kwalen daga cikin duwatsun nan sai shi, don haka mai laifi ne ya tuƙa 'yan sanda zuwa tasha.

Garin duka yana bakin ruwa, amma ba ka jin ko tari. Jama'a suka dare. Kira Evdokiya ce take saukowa daga matakala, baƙar riga, baƙin ɗankwali, baƙar safa. Kayan sun yi mata yawa, kuma ana ganin layin ninki a jikinsu, alamar sun daɗe a akwati.

Ta tsaya gaban Sotiris. Ya kasa ɗago kai.

"Da na ga farantin na sani," ta ce. "Na rufa maka asiri kwana biyu, saboda kifin da na ci. Mun rabu, babu sauran komai tsakaninmu."

"Evdokiya..."

"Kada ka kira sunana. A cikin zobensa yake."

Fotini ta kama shi a gwiwar hannu ta wuce da shi wajen jirgin 'yan sanda da ya zo daga babban tsibiri. Yana tafe yana jan ƙafa, bai waiwayo ba.

Tsohuwar ta juyo wajen Sufeto.

"Ka yi mini alkawari."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da baƙar tsakuwar, ya ɗora mata a tafi.

"Buhu guda mijinki ya tara don ya ƙarasa miki jirgin. Niyyarsa gida zai dawo."

Ta rufe hannu a kanta. Ba ta yi kuka a tasha ba, mutanen da suka yi mata dariya ba su sami wannan ba. Ta hau matakala ita kaɗai.

Da la'asar Sufeto ya bi ta ƙofarta zai kai takardar karɓar gawa. Ya same ta durƙushe a tsakar gida cikin baƙaƙen kayanta, ta cire ciyawa daga inda jirgin ya tsaya, tana danna tsakuwar cikin ƙasa da gindin wuƙar kifi.

"Sauran buhun fa?" ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Yana hannunmu, shaida ce. Sai an gama shari'a."

"To. In an gama ku kawo mini. Nawa ne."